Daga Ayarin Gwanja Zuwa Tattakin Asuba

A ƙarni na 19, mafi yawan goron da ake rabawa wajen ɗaurin aure da suna a Kano, ƙafa ce ta je ta ɗauko shi. Da damina ta ɗauke, fatake kan ɗaure wa jakuna kanwa da fatu da rinannun tufafi, su haye Kwara, su ratsa Borgu, su doshi Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Zuwa da dawowa watanni yake ci. Madugu ne shugaban ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, kowa kuma ya san wanda ke tafiya a gefensa, domin a daji abokin tafiya shi ne ɗan'uwa.

Wannan tafiya ta haifi garuruwa. A inda aka saba yada zango, wani bafatake kan tsaya, ya yi aure, ya zama fatoma mai saukar da baƙi. Unguwannin Zango na Kumasi da Accra jikokin wannan zirga-zirga ne. Haka maniyyata suka riƙa bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna yin noma a hanya don samun guzuri. Wasu sai bayan shekaru suka ga Ka'aba, wasu kuma Sudan ta riƙe su, zuriyarsu na can har yau.

A cikin gari ma haka abin yake a da. Barka, dubiya, gaisuwar mutuwa, yawon sallah, duk taka sayyada ake yi. Bayan magariba mata kan fita unguwa, yaro na gaba riƙe da fitila, a lungu a gaisa da wannan, a leƙa gidan wancan. Shi ya sa ake cewa zumunci a ƙafa yake.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya, ayari ya watse. Amma abin da ya fi raba ɗan birni da ƙafarsa shi ne acaɓa. Tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba, sai a tsayar da babur. Da gwamnatin Kano ta hana haya da babur a 2013, a-daidaita-sahu ta maye gurbin. Waya kuma ta karɓe gaisuwa. Ga shi an daɗe ana yi wa teɓa kallon alamar hutu, har a ce da wanda ya yi ƙiba ya murje, ya samu duniya. Hawan jini da ciwon suga ne suka fara sauya wannan kallo.

Yanzu likita ne ke tura mutum ya taka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, tafiya da ɗan sauri kuwa tana ciki. Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa daga Japan ya fito, inda kamfanin Yamasa ya tallata na'urar ƙirga taku da wannan adadi a 1965. Tattaki kaɗai ba ya zabge ƙiba sosai in ba a gyara ci ba, sai dai yana taimaka wa zuciya da daidaita suga, kuma wanda ke da abokan fita ya fi ɗorewa.

Bayan sallar asuba ana ganin magidanta uku-uku, huɗu-huɗu, suna zaga filayen wasa da titunan da ba su cika ba tukuna, suna hirar farashin masara da wanda ya kwana ba lafiya. Abin takaicin shi ne biranen ba a gina su don mai tafiya ƙasa ba. Gefen titi, in ma akwai shi, masu kasa kaya da motoci sun mamaye, mata da yawa kuwa, waɗanda a da su ne kan gaba wajen taka zumunci, tsakar gida suke zagawa don rashin wurin da za su sake.