Tsara Lokacin Ayyuka Masu Bambancin Hatsari a Kwamfutocin Cikin Na'urori: Nazari kan EDF-VD

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake raba lokacin furosesa ɗaya tsakanin ayyukan da hatsarinsu bai zo ɗaya ba. Ta bi lissafin EDF-VD da misali, ta nuna cewa zubar da ƙananan ayyuka gaba ɗaya idan lokaci ya ƙure ba dole ba ne.

Gabatarwa

A jirgin sama ko mota, kwamfuta ɗaya kan riƙe aikin da rai ya rataya a kansa tare da wanda makararsa ba ta kashe kowa. Ƙa'idar DO-178C ta jiragen sama ta kasa manhaja mataki biyar, daga A zuwa E. ISO 26262 ta motoci kuma tana da ASIL A zuwa D. Tun a 1973 Liu da Layland suka nuna cewa tsarin EDF, wanda ke fara sallamar aikin da wa'adinsa ya fi kusa, yana iya cika furosesa taf ba tare da saɓa wa'adi ba, muddin wa'adin kowane aiki shi ne lokacin dawowarsa, kuma an san iyakar lokacin da zai ci. Sanin iyakar nan shi ne wahalar. Injiniya yana aunawa ya sami adadi ƙarami, hukumar tantancewa kuwa adadi mai tsananin taka-tsantsan take so, wanda da wuya a kai shi. A 2007 Steve Vestal na kamfanin Honeywell ya kawo shawarar a ba kowane aiki kiyasi fiye da ɗaya, gwargwadon matakin hatsari.

Tsari da misali

EDF-VD, wanda Baruah da abokan aikinsa suka fitar a 2011 suka kuma kyautata nazarinsa a 2012, yana rage wa manyan ayyuka, wato masu babban hatsari, wa'adi tun ana zaman lafiya, domin su gama da wuri su bar sarari. Da zarar ɗayansu ya zarce ƙaramin kiyasinsa, sai a mayar musu da wa'adinsu na ainihi, a dakatar da ƙananan.

Mu ɗauki ayyuka uku. A babba ne, yana dawowa duk milisakan 10, kiyasinsa 2 ko 5. B ma babba ne, duk milisakan 20, kiyasinsa 2 ko 4. C ƙarami ne, yana cin milisakan 4 cikin kowane 10. Kason da manyan ke ci na lokacin furosesa a lokacin lafiya 0.3 ne, a lokacin matsi 0.7, na C kuma 0.4. Wanda ya ware wa kowa mafi munin kiyasinsa zai tashi da 1.1, wato furosesar ba za ta ɗauka ba.

A EDF-VD ana raba 0.3 da abin da C ya bari, wato 0.6, a sami ma'aunin ragi 0.5. Wa'adin A ya koma milisakan 5 daga 10, na B 10 daga 20. Sharaɗin shi ne ma'aunin sau kason C, a haɗa da 0.7, kada ya wuce 1. A nan 0.9 aka samu. Ayyukan sun shiga, har da rarar 0.1.

Tattaunawa

Rarar nan ce abin lura. Esper da abokansa a 2015, sai Ernst da Di Natale a 2016, sun soki zubar da ƙananan ayyuka, kuma muna ganin sukar tana kan hanya. Matakin hatsari yana faɗin irin tsananin da za a bi wajen ginawa da tantance manhaja ne, bai ce aikin ba shi da amfani ba. Manhajar mataki C a jirgi ma tana da ruwa da lafiyar fasinja. Ƙa'idar ARINC 653 kuwa katanga take ginawa tsakanin ayyuka, don kada laifin wani ya shafi wani, alhali a nan babban aiki ne ya zarce, ƙarami ya biya.

Di Liu da abokansa sun faɗaɗa sharaɗin a 2016 domin ƙananan ayyuka su ci gaba da ragaggen kaso: ana ƙara wa lissafin wannan kaso sau abin da ya rage idan an cire ma'aunin daga 1. A misalinmu 0.2 da 0.7 da rabin sabon kason kada su wuce 1, don haka C zai iya riƙe 0.2, wato milisakan 2 maimakon 4. Rabin hidima ya tsira ba tare da an ƙara na'ura ba.

Sai dai wannan ya dogara ga aikin da rabinsa ke da amfani, kamar tace hoto da za a iya rage ingancinsa. Lissafin kuma na furosesa mai cibiya ɗaya ne. Inda cibiyoyi da yawa suke tarayya a ma'adana ɗaya, aikin wata cibiya yana jinkirta na wata, kuma kiyasin 2 da 5 ɗin kansu sai an sake auna su.