Renon irin kayan lambu: Dalilan da ke hana tsiro da hanyoyin magance su

Renon iri shi ne shuka ƙananan ƙwayoyin kayan lambu a keɓaɓɓen gado, a kula da su har su yi ƙwarin da za a cire a dasa a gona. Ta wannan hanya ake fara noman tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da kabeji da latas.

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka ana yin wannan aiki a cikin ɗaki ko gidan gilashi tun daga watan Fabrairu da Maris, domin har lokacin ƙasa na riƙe da sanyi. A Arewacin Najeriya kuwa, manoman rani irin na Kadawa da Kura a Jihar Kano, da masu albasa na Aliero a Jihar Kebbi, sun fi zuba reno daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu.

Idan reno ya ƙi tsiro, asarar ba ta tsaya ga kuɗin iri ba. Manomi ya yi asarar mako biyu ko uku, kuma tumatirin da aka dasa a makare yakan riski zafin Maris da Afrilu, lokacin da fure ke kakkaɓewa.

Lafiyar iri

Ƙwayar iri abu ce mai rai, kuma tana tsufa. Irin albasa ya fi saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara ɗaya da ƙarfinsa. Na tattasai yakan kai shekara 2 zuwa 3, na tumatir har 4, idan an adana su a bushe a wuri mai sanyi. Zafi da laima ne ke rage musu kwana, shi ya sa irin da ya daɗe a rana a kan teburin kasuwa abin tuhuma ne.

Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa, NASC, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokar iri ta 2019, ita ce ke tantance irin da ake sayarwa a Najeriya. Ya kamata mai saye ya duba shaidar tantancewa da ranar da aka rubuta a jikin ƙunshin.

Gwajin gida ba ya cin kuɗi. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a tsumma mai danshi, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 zuwa 14 a ƙirga waɗanda suka fasa. Idan sun kai 16, irin na da kyau. Idan rabi ne, sai a ninka yawan abin da za a shuka. Ƙasa da haka, gara a nemi wani.

Zafi da sanyin ƙasa

Tumatir ya fi tsiro idan zafin ƙasa na tsakanin digiri 20 da 30 a ma'aunin Salshiyas, inda yake fitowa cikin kwana 5 zuwa 10. Tattasai da attaruhu sun fi shi son ɗumi, kuma attaruhu kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Saboda haka renon da aka zuba a tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, yakan yi nawa, har manomi ya ɗauka irin ya mutu alhali sanyin dare ne ya riƙe shi. Rufe gadon da busasshiyar ciyawa yana tsare ɗumin rana.

Latas akasin haka yake. Idan zafin ƙasa ya kusa digiri 30 sai ƙwayarsa ta ƙi farkawa, don haka a lokacin zafi ana shuka shi da yamma a ƙarƙashin rumfa.

Zurfi da ban ruwa

Ƙaramar ƙwaya ba ta da guzurin da za ta ratsa ƙasa mai kauri. Zurfin santimita ɗaya ya wadatar ga tumatir da tattasai da albasa, latas kuwa a ɗan barbaɗa masa ƙasa kawai. Shuka a layi ta fi yafawa, domin tana daidaita zurfi, tana kuma bai wa tsiro iska.

Ƙasar gadon ta zama mai laushi, haɗe da yashi da takin gargajiya da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji ko takin zamani da ya taɓa ƙwaya yana ƙona ta. Ƙasar laka kuma idan ta sha ruwa ta bushe takan yi ɓawo a sama, tsiro ya kasa fasawa.

Ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma ya fi a kwarara shi lokaci guda. Ƙwayar da ta fara jiƙa sannan ta bushe ta mutu, wadda kuma ta kwana cikin ruwa takan rasa iska ta ruɓe.

Yadda ake gane musabbabi

Idan kwanakin tsiro sun wuce, a tona layi da yatsa a duba. Ƙwaya mai tauri da ba ta canza ba tana nuna ƙarancin ruwa ko sanyi. Wadda ta yi taushi ta ruɓe tana nuna yawan ruwa ko mataccen iri. Wadda ta fasa ta lanƙwashe a ƙasa tana nuna zurfi ko ɓawo. Idan kuwa babu ƙwayar sam, tururuwa ko ɓeraye ko tsuntsaye sun kwashe, ko ruwa ya share ta.

Akwai kuma cutar da ke kama tsiro bayan ya fito: gindinsa ya tsuke ya yi baƙi, ya faɗi. Ƙwayoyin fumfuna da ke cikin ƙasa ne ke haddasa ta, kuma cunkoso da yawan laima ne ke ba su dama. Maganinta shi ne a ɗaga gadon sama da ƙasa, a rage ruwa, a janye ciyawa da zarar tsiro ya bayyana, a kuma sauya wurin reno kowace shekara.

Tumatir yakan isa dashe a mako 3 zuwa 4, tattasai a mako 5 zuwa 6, albasa a mako 6 zuwa 8. Kwanaki kaɗan kafin cirewa a rage ruwa da inuwa domin tsiron ya saba da rana, sannan a dasa da yamma.