Daga Farin Ƙyallen Majigi Zuwa Gilashin Waya: Tarihin Ma'aunin Hoto a Karkarar Kano

Duk wanda ya san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, mutum ba ya barin wata unguwa sai ya hango rumbunan wata, ya san mutanenta ba baƙin kallo ba ne, domin a cikin shekara tamanin ɗin nan da suka shige hoto mai motsi ya zo musu ta hanyoyi dabam dabam, kowace hanya kuwa da nata ma'auni na faɗi da tsayi, da nata miƙdari na kaifi ko dusashewa. Abin lura a nan shi ne, a Amurka ko Ingila ko Japan ake yanke wannan ma'auni, sa'an nan ya iso wa manomi bayan an datse shi, ko an matse shi, gwargwadon ƙarfin abin da ya ɗauko shi.

Asalin al'amarin yana komawa ga wani ma'aikacin Thomas Edison mai suna William Dickson, wanda a farkon shekarun 1890 ya tsayar da zaren fim mai faɗin milimita 35, ya sa kowane hoto a kansa ya zama kashi huɗu a faɗi, uku a tsayi. Wannan ƙa'ida ta huɗu da uku ita ta mulki duniyar kallo wajen shekara sittin, ita ce kuma ta fara shiga ƙauyukanmu a bayan motar majigi. Wani jami'in kiwon lafiya na Ikko, William Sellers, shi ya fara yi wa jama'a gargaɗi da fim a kan annobar da ɓeraye ke yaɗawa, kuma a 1939 aka ɗora shi a kan sashen fim na ƙasashen da Ingila ke mulka, inda ya shimfiɗa sharuɗɗansa cewa a riƙa ɗaukar hoto a hankali, ban da yawan juya kyamara, bisa zaton da ya yi, wanda zamani ya ƙaryata, cewa idon baƙar fata ba ya iya bin hoto mai sauri.

Dattawan da suka riski zamanin En'e suna tuna yadda ake yi. Takarda ta zo wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, mai shela ya zaga gari, bayan sallar isha'i kuwa sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a ta da inji, haske ya keto ta cikin ƙura da ƙwarin damina ya sauka a kan ƙyallen. Yara suna gaba a ƙasa, manya a kan tabarmi, mata daga nesa a gindin danga, waɗanda suka makara kuma su zaga ta baya su kalli hoton a juye, hannun dama ya koma hagu, ba su damu ba. Mai sharhi yana tsaye da lasifika yana fassara, a nuna zuba takin zamani da noman gyaɗa da allurar rigakafi, a nuna Sardauna, a nuna hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, a kuma sa Baban Larai don kwaɗaitar da manoma. Zaren majigi ƙarami ne, milimita 16, amma siffarsa ta huɗu da uku ce, gari guda kuma yana kallon allo guda.

A birni labarin ya sha bamban. An buɗe sinimar Rex a 1937, El Duniya ta ƙone a watan Mayu na 1951 da rayuka 331, Palace kuma, wadda aka buɗe a cikin ganuwa a 1952 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta gamu da ƙyamar malamai da dattawa. Ana cikin haka, a 1953, kamfanonin Amurka da suka ga talabijin na janye musu 'yan kallo suka fito da hikimar CinemaScope, wadda faɗin hotonta ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. Dabarar ita ce a matse hoton da wani gilashi lokacin ɗauka, a buɗe shi da irinsa lokacin haskawa; in aka rasa gilashin na biyu, sai mutane su fito sirara dogaye. Indiya ta bi sahu da Kaagaz Ke Phool a 1959, saurayin ƙauye kuwa da ya kawo gyaɗa birni ya kwana, shi ke komawa da labarin allon da ido ba ya iya kewaye shi gaba ɗaya.

Sai dai akwatin talabijin, wanda ya fara magana a Arewa daga Kaduna a 1962, ya kuma ƙara ƙarfi a Kano da tashar CTV 67 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, ya riƙe tsohuwar ƙa'idar huɗu da uku, a kan layi 625. Da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu, aka soma kallonsa a ƙauye da janareta ko batirin mota, sai ya zama wajibi a shigar da faffaɗan fim cikin ƙuntataccen akwati, kamar telan da aka ba babbar riga aka ce ya fitar da 'yar shara. Ko dai a bar baƙin layi sama da ƙasa hoto ya ƙanƙance, ko a datse gefe da gefe, a yi hasarar kusan rabin abin da aka ɗauka, har ka ga jarumi yana magana da wanda kafaɗarsa kaɗai ta rage. Fim ɗin Hausa bai sha wannan wahala ba, domin a cikin akwatin aka haife shi: Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, da Sangaya a 1999, da sauran abin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka riƙa bugawa, duk da kyamarar bidiyo aka ɗauke su, bisa ma'aunin da za a kalle su.

Faifan sidi da ya gaje kaset ya kawo lissafin ɗigo, wato ƙananan tabo masu launi da hoto ke haɗuwa da su. Nasa 352 ne a faɗi, 288 a tsayi, ba ya kuma ɗaukar fiye da minti 80, alhali kuwa sabon ma'aunin sha shida da tara, wanda injiniya Kerns Powers ya ba da shawararsa a 1984 don sulhunta tsohon akwati da faffaɗan allo, yana kaiwa ɗigo 1920 da 1080, ninki ashirin ke nan. Da talabijin shafaffiya ta shiga gidajen kallon ƙwallo na ƙauyuka, sai matsalar ta juya: mai gidan kallo, wanda 'yan kallo ba sa yafe masa baƙin layi a allon da suka biya kuɗi, yakan miƙe tsohon fim ya cika fuska, 'yan wasa su ƙaru da sulusi a faɗi, su zama gajeru masu ƙiba.

Wayar salula ta GSM, wadda ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, ita ta mayar da hukuncin ma'auni hannun mutumin ƙauye a karo na farko. Ranar kasuwar Ɗambatta, ko a bakin tashar Bichi, za ka tarar da yaro a rumfa da kwamfuta, wayoyi jere a gabansa suna caji, magidanci ya miƙo memori ya ce, "Ɗana, zuba mini na Ibro, da karatun malam." Yaron ya ce, "Baba, mai nauyi ko marar nauyi? In na sa mai kyau, biyar za su cika shi. In na rage, sai ka kwashi talatin." Galibi marar nauyin ake zaɓa, domin wayoyin farko ɗigo 176 da 144 suke nunawa, kashi ɗaya cikin tamanin na cikakken hoto, kuma a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba aibin ba ya bayyana. Haka nan mai kallon Labarina ko Izzar So a YouTube yakan sauke kaifin zuwa 144 ko 240 don datarsa ta kai shi ƙarshen shiri. Daga baya TikTok ya tsayar da allon bisa ƙafarsa, tara da sha shida, wanda in aka yanko masa daga faffaɗan fim, sulusi kaɗai ke tsira, wurin mutum ɗaya tak, mai kallo ma ɗaya, a ɗakinsa ko a inuwar gawo a gona.

Bilhasali, an sami sauƙi da 'yancin zaɓi, amma akwai hasarar da ya kamata ma'abota wannan sana'a su farga da ita. Ana iya rage babban hoto zuwa ƙarami a cikin 'yan mintoci, ƙarami kuwa ba ya komawa babba, domin ɗigon da aka zubar ya tafi ke nan, abin da na'ura za ta cike gurbinsa da shi kintace ne. Da yawa daga finafinan shekarun 1990 abin da ke yawo nasu a yau kwafe ne na kwafe, daga kaset zuwa sidi, daga sidi zuwa memori, kowane mataki da abin da ya ci. Saboda haka haƙƙi ne a kan furodusoshi, da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, da jami'o'i irin su Bayero, su nemo uwayen kaset ɗin tun zarensu bai lalace ba, su juye su bisa cikakken ma'auninsu na huɗu da uku, ba datsewa ba miƙewa, daga nan kowane allo da zamani ya kawo sai a yanka masa gwargwadonsa.