Kadiri Ikhana: Kocin da Ya Buɗe wa Pillars Ƙofa

Jama'a, matasanmu na Kumbotso sun san Rabi'u Pele da Ahmed Musa, amma kaɗan ne suka san Kadiri Ikhana. Ɗan wasan Bendel Insurance ne, yana cikin Green Eagles da suka ci Kofin Afirka a Legas a 1980. Da ya koma koci, ya ɗauko wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, karo na farko ga ƙungiyar Nijeriya. A 2008 kuma ya ciyo wa Kano Pillars kofin firimiya na farko, shekara 18 da kafa ta. A ganina, shi ya share hanyar kofunan 2012, 2013 da 2014. Wallahi bai kamata Masu Gida mu manta da shi ba.