Tarihin Daji a Ƙasar Sakkwato

Wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato zuwa Boɗinga, ya zarce Shagari, ba abin da zai gani dama da hagu sai gonaki da gawo jefi-jefi. A zamanin da kuwa dajin ƙasar nan abin tsoro ne, ba mai shigarsa don sha'awa.

Sa'ad da Shehu Usmanu, Allah ya ji ƙansa, ya zauna Sifawa daga 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, gari shi ne wurin aminci. Abin da ke bayan ganuwa da gonaki na namun daji ne da mahara. Dajin da ya fi kowane suna shi ne Gundumi, gabas da Sakkwato, kan hanyar fatake ta zuwa Katsina da Kano. Ba ruwa cikinsa, ga kuma harin Gobirawa. Cikin 1824 Bature Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya ratsa shi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aike da mahaya su tarye shi. Cikin 1853 Barth, watau Abdulkarim, ya yi tafiyar awa 26 a cikinsa ba zango, gama ayari ba ya yarda ya kwana nan. Bayan ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai ya bi ta Boɗinga zuwa Gwandu.

Da fitina ta kwanta, jama'a suka fita daga ganuwa suna saran gona, gatari ya yi wa daji abin da mashi bai yi ba. Don haka aka kafa Dokar Daji cikin 1916, ita da waɗanda suka biyo bayanta suka ba En'e ikon keɓe gandun daji. Malamin daji da dogaransa su shata iyaka, wanda ya sare maɗaci ko giginya ba izini a kai shi gaban alƙali. Talakawa ba su so wannan doka ba ko kaɗan, kuma ba na ganin laifinsu duka, gama mutumin da kakansa ya yi farauta a wuri da wuya ya gane dalilin neman takarda kafin ya shiga. Amma ga misalin amfaninta. Gandun da aka keɓe wa En'e a Birnin Gwari cikin 1936, shi ne ya zama wurin shaƙatawa na ƙasa na Kamuku cikin 1999. Yankari ta ƙasar Bauci an keɓe ta 1956, aka buɗe wa baƙi 1962, mutane na biyan kuɗi don su ga giwa su yi wanka a Wikki.

An rushe En'e cikin 1976, tsaron gandu ya yi sako-sako. Gundumi kuwa ba ta sami masu ziyara ba. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga suka mai da ita maɓoya, har matafiyi zuwa Isa ya koma neman rakiya kamar ayarin da.