Titunan Washington da ke Kan Ƙasar Tarayya: Tarihin Wanda ke da Iko

Yawancin filayen shaƙatawa da dazuzzukan da ke cikin Washington, babban birnin Amurka, ba na gwamnatin birnin ba ne. Suna hannun Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya. Ikon hukumar ya haɗa da manyan wurare kamar gandun Rock Creek, ya sauko har kan ƙananan filaye na tsakiyar shataletale, irin su Dupont da Logan. Saboda haka duk titi, gada ko hanyar keke da ta ratsa irin wannan ƙasa, magajin gari da majalisar birni ba su ne masu maganar ƙarshe a kanta ba, ko da kuwa mutanen da suka zaɓe su ne ke binta safe da yamma.

Asalin lamarin yana cikin tsarin mulkin Amurka, wanda ya bai wa Majalisar Tarayya cikakken iko a kan gundumar da za ta zama mazaunin gwamnati. Dokar 1790 ta tsayar da wurin a bakin kogin Potomac, gwamnati kuma ta tare a 1800. Daga 1874 mazauna birnin suka rasa damar zaɓen masu mulkinsu, aka damƙa al'amuransu ga kwamishinoni uku da shugaban ƙasa ke naɗawa. Tsarin 1878 ya tanadi cewa ɗaya daga cikin ukun ya zama hafsan injiniyoyin soja, shi ne kuma ke riƙe da tituna, gadoji da magudanan ruwa. A wancan zamani babu wata jayayya tsakanin birni da tarayya, domin dukansu hannu ɗaya ne.

A cikin wannan yanayi aka kafa gandun Rock Creek. Shugaba Benjamin Harrison ya sa hannu a dokarsa a watan Satumba na 1890, kuma faɗinsa a yau eka 1,754 ne, kwari ne mai duwatsu da manyan itatuwa da ya raba arewacin birnin gida biyu. Kwamishinonin birni da shugaban injiniyoyin soja ne suka fara kula da shi tare. Kyaftin Lansing Beach, wani injiniyan soja, shi ya ja hanyoyin farko a ƙarshen shekarun 1890, kuma da yake kuɗi sun yi ƙaranci, da fursunoni aka yi wani ɓangare na aikin. Babbar hanyar da ke bin gaɓar rafin Rock Creek, Beach Drive, sunansa ta ci. Don keken doki da yawon shan iska aka yi ta, shi ya sa take da ƙunci, tana lanƙwasa duk inda rafin ya lanƙwasa. Babu wanda ya tsara ta don ma'aikata masu sauri zuwa ofis.

Mota ce ta sauya manufar waɗannan hanyoyi. Majalisa ta amince a 1913 da a gina hanyar Rock Creek da Potomac, wadda ta haɗa gandun da bakin kogi, aka kammala ta a 1936. Kafin nan, a 1933, Shugaba Franklin Roosevelt ya mayar da filayen babban birnin ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji, wadda aka kafa a 1916. Shekara guda bayan buɗe sabuwar hanyar, cunkoso ya sa aka mai da ita mai bin gefe ɗaya a lokutan tafiya aiki da tashi: da safe duk motoci su nufi kudu, da yamma su nufi arewa. 'Yan sandan gandun daji na tarayya ne ke jan shingaye suna juya hanyar sau biyu a rana, kuma tsarin ya yi shekaru fiye da tamanin yana aiki. Da aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa kusa da gidan namun daji a 1966, sai motocin unguwannin arewa da na jihar Maryland suka sami miƙaƙƙiyar hanya zuwa tsakiyar gari. Hukumar da aka ɗora wa tsare daji ta wayi gari tana gudanar da ɗaya daga cikin jijiyoyin zirga-zirgar birni.

Ban da mai ƙasa, akwai wasu hukumomi biyu na tarayya da kowane aiki ke bi ta gabansu. Hukumar zane-zane da fasalin gine-gine, wadda aka kafa a 1910, tana duba kamannin gada ko fitilar titi. Hukumar tsara babban birni, wadda ta faro a 1924 a matsayin mai sayen filayen shaƙatawa, ta ɗauki siffarta ta yanzu a 1952, tana duba tsarin aikin gaba ɗaya. A yau magajin gari da shugaban majalisar birni suna cikin mambobinta 12, tare da mutum biyu da magajin gari ke naɗawa, amma ba su da rinjaye.

Babban rikici ya zo ne bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, wadda ta sa tarayya ke biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin hanyoyin da ke haɗa jihohi. Injiniyoyi suka zana wa Washington zobe-zobe na tagwayen hanyoyi. Ƙasa iri biyu ce ta fi sauƙin samu: filayen shaƙatawa, waɗanda ba a biyan diyyar gidaje a kansu, da unguwannin baƙar fata, waɗanda mazaunansu ba su da murya. A shekarun 1950 an kawo shawarar a bi da babbar hanya ta cikin kwarin Rock Creek, Hukumar Gandun Daji ta ƙi, shawarar ta mutu. Wadda ta fi daɗewa ita ce gadar Three Sisters, da aka so a gina a kan Potomac, sama da unguwar Georgetown, inda wasu ƙananan tsibiran dutse uku suke a tsakiyar ruwa. Gadar za ta ci filayen tarayya a gaɓa biyu na kogin, ta kuma kwararo motoci cikin hanyoyin da za su rushe gidaje.

Masu adawa sun fito daga ɓangarori biyu da ba su saba zama tare ba: masu hannu da shuni na yammacin birni da ke kare itatuwa, da baƙaƙen fata na gabas da ke kare gidajensu. Sammie Abbott da Reginald Booker suka jagoranci wani kwamitin gaggawa kan sufuri da ya haɗa su. A ɗaya gefen kuma akwai William Natcher, ɗan majalisa daga jihar Kentucky, shugaban ƙaramin kwamitin da ke riƙe da kasafin kuɗin birnin. Natcher ya toshe kuɗin jirgin ƙasa na Metro, ya ce ba zai saki ba sai an gina hanyoyin. Wata dokar Majalisar Tarayya ta 1968 ta umarci birnin kai tsaye da ya fara gadar. A watan Agusta na 1969 majalisar birni, wadda a lokacin naɗaɗɗiya ce, ta miƙa wuya a wani zama da ya ƙare da hatsaniya da kame. Aka fara aikin gada, ɗalibai suka shiga kwalekwale suka mamaye tsibiran, aka kuma aza tubalin Metro a watan Disamba na wannan shekara.

Abin da ya tsayar da gadar ba ikon birni ba ne, domin birnin ba shi da shi. Doka ce ta tarayya. Sashe na 4(f) na dokar da ta kafa ma'aikatar sufuri a 1966 ya hana ministan sufuri amincewa da aikin da zai ci filin shaƙatawa na jama'a, sai in babu wata mafita mai yiwuwa kuma mai ma'ana, sannan an yi duk abin da za a iya don rage ɓarna. Mai shari'a John Sirica ya dakatar da aikin a 1970. A 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar filin Overton na birnin Memphis, ta fassara sashen da tsanani ta bakin Mai shari'a Thurgood Marshall: tsadar wata hanya daban ba ta isa hujjar cin daji ba. A shekarar ce kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, ƙarƙashin Mai shari'a David Bazelon, ta yanke cewa minista John Volpe bai cika sharuɗɗan doka ba, kuma matsin lambar Natcher ba abin da ya kamata ya shiga lissafinsa ba ne. Ambaliyar guguwar Agnes ta 1972 ta kwashe abin da aka fara kafawa a cikin kogin. Metro ta fara ɗaukar fasinja a 1976, aka soke gadar a 1977, kuɗin hanyoyin da aka fasa kuma aka karkatar da su zuwa jirgin.

Dokar cin gashin kai ta 1973 ta bai wa birnin zaɓaɓɓen magajin gari da majalisa mai kujeru 13, Walter Washington kuma ya kama aiki a matsayin zaɓaɓɓe a farkon 1975. Sai dai dokar ta hana majalisar birni yin doka a kan dukiya ko ayyukan gwamnatin tarayya, kuma ba ta miƙa filayen shaƙatawa ba. Tun daga nan iyakar iko ta koma bin iyakar mallakar ƙasa, wani lokaci taku da taku. A sashen titin Pennsylvania da ke tsakanin Majalisar Tarayya da fadar shugaban ƙasa, kwaltar da motoci ke bi tana hannun birni, faffaɗan gefen masu tafiya a ƙasa kuwa yana hannun Hukumar Gandun Daji. Shi ya sa birnin ya iya zana hanyar keke a tsakiyar titin a 2010, amma tashoshin kekunan haya na Capital Bikeshare, waɗanda aka fara a wannan shekara, ba su shiga babban filin da ke gaban Majalisar Tarayya ba sai 2012, bayan hukumar ta yarda.

Hanyoyi biyu da ke kusa da juna sun nuna bambancin a fili. Titin Klingle yana bin wani ɗan kwari da ke gangarawa Rock Creek. Itatuwan gefensa na tarayya ne, amma shimfiɗar titin ta birni ce. Ruwan sama ya cinye kwalbatocinsa, aka rufe wani sashe da bai kai mil ɗaya ba a 1991. Mazauna gabashin gandun suka nemi a gyara, domin ta nan suke ƙetarawa zuwa makarantu da asibitocin yamma. Wasu kuma suka ce kwarin ba zai ɗauki mota ba. Majalisar birni ta zaɓi sake buɗe titin a 2003, ta juya a 2008 ta zaɓi hanyar ƙafa da keke, aka buɗe ta a 2017. Shekaru 26 ba ƙaramin jinkiri ba ne, amma waɗanda suka yanke hukuncin mutane ne da jama'a za su iya kayarwa a zaɓe.

Beach Drive kuwa ta tarayya ce ɗungurungum. An daɗe ana rufe sashenta na arewa ga motoci a ƙarshen mako. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, aka rufe shi har ranakun aiki don mutane su sami wurin motsa jiki. Majalisar birni ta nuna goyon bayan a bar shi haka, wasu maƙwabtan gandun suka koka cewa motoci sun koma lungunansu, amma duk wannan shawara ce kawai. Hukumar Gandun Daji ce ta yi nazarin muhalli, ta karɓi ra'ayoyi, ta yanke a watan Nuwamba na 2022 cewa sashen zai zauna a rufe duk shekara. Sakamakon ya yi daidai da abin da wakilan birnin suka nema, sai dai da ya saɓa, ba su da inda za su kai kuka sai kotu ko Majalisar Tarayya, inda wakiliyarsu, Eleanor Holmes Norton, ba ta da ƙuri'a a zauren. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma a nan wanda ruwan ke zuba a kansa ba shi ke riƙe da makullin ɗakin ba.

Batun kuɗi ya ƙara ɗaure ɓangarorin biyu. Hukumar Gandun Daji tana da ƙasa, amma kasafinta bai kai nauyin hanyoyin da ke kanta ba. Gadar tunawa ta Arlington, wadda aka buɗe a 1932, ta lalace har aka hana manyan motoci hawa. Gyaranta ya ci dala miliyan 227, kuma sai da birnin ya sa hannu tare da hukumar a takardar neman tallafin tarayya kafin a haɗa kuɗin. An gama a ƙarshen 2020. Haka ma hanyar ƙafa da keke ta Rock Creek: ma'aikatar sufuri ta birni, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2002, ita ta jagoranci sabunta ta, a kan ƙasar da ba tata ba, da izinin mai ƙasa, bayan nazarin muhalli da na kayan tarihi da ya ɗauki shekaru.

Akwai hanyar miƙa iko, kuma tsohuwa ce. Wata doka ta 1932 ta ba hukumomin tarayya da na birni damar miƙa wa juna kula da fili, bisa shawarar hukumar tsara babban birni, takardar mallaka kuwa ta ci gaba da zama da sunan Amurka. Da ita ake samun 'yan guntayen ƙasa don faɗaɗa titi ko gyara mahaɗa. Manyan wurare kan buƙaci doka ta musamman. Wata dokar tarayya ta 2019 ta buɗe ƙofar birnin ya zuba kuɗinsa a filin Franklin da ke tsakiyar gari, aka sake buɗe shi a 2021. A watan Janairu na 2025 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta miƙa wa birnin kula da harabar filin wasa na RFK na tsawon shekaru 99. Kowane miƙi na fili ɗaya ne, da nasa sharuɗɗa, kuma babu wanda ya shafi hanyoyin kwarin Rock Creek, waɗanda har yanzu hukumar tarayya ce ke sa musu iyakar gudu, take rufe su, take buɗe su.