Yadda ake renon tumatir daga iri a cikin gida

Kusan kowace shekara, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, tumatir yakan yi tsada a kasuwannin Najeriya. Amfanin noman rani na wurare irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano ya ƙare, na damina kuma bai kai ga nuna ba. A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta ƙara dagula al'amarin, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Gidan da yake da 'yar farfajiyar da rana ke samu na awa shida a wuni zai iya rage wa kansa wannan wahala da buhuna goma ko ashirin.

Asalin tumatir daga Kudancin Amurka yake, kuma tsiro ne mai son ɗumi amma ba ya jure zafi mai tsanani. Idan zafin rana ya haura maki 32 a ma'aunin Salshiyos, dare kuma bai sauko ƙasa da maki 21 ba, furensa yakan kakkaɓe bai ƙulla 'ya'ya ba. Shi ya sa shukar Oktoba da Nuwamba, wadda ke yin fure cikin hunturu, ta fi kowace albarka a ƙasar Hausa, wadda ta yi fure a Afrilu kuwa sai ganye. Matsalar ita ce, lokacin da ya fi sauƙin nomawa shi ne lokacin da ya fi araha a kasuwa. Mai neman maganin tsada ko dai ya yanka rarar hunturu ya shanya kauɗa, ko ya nemi irin da aka tanada don zafi da damina.

Ana sayar da iri kashi biyu. Akwai irin su Roma VF da UC82B, waɗanda za a iya ajiye ƙwayarsu a sake shukawa. Akwai kuma na aure, masu alamar F1 a jikin fakiti. Sun fi yabanya da juriya, amma ƙwayar da aka cire daga 'ya'yansu ba ta maimaita halin uwar. Nan ne haɗarin matse tumatirin kasuwa a shuka yake, domin ba a san ko wane ne ba. Wanda ya samu nunanne daga tsiro lafiyayye da ya san asalinsa, sai ya matse ƙwayar da ruwanta a kofi, ya bar ta kwana biyu zuwa uku ta yi tsami har yauƙin ya rabu da ita, ya wanke, ya shanya a inuwa.

Wurin reno ba ya bukatar kashe kuɗi: tsohuwar roba ko kwano da aka huda wa gindi ya isa. A haɗa ƙasa mai laushi da rairayi da taki ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. A binne ƙwayar zurfin da bai wuce santimita ɗaya ba, a rufa da busasshiyar ciyawa, a riƙa yayyafi safe da yamma. Cikin kwana biyar zuwa goma za ta tsiro, kuma da zarar ta ɓullo sai a ɗauke ciyawar, in ba haka ba tsiron ya yi tsawo siriri, ya rasa ƙarfi.

Yawancin asarar da ake yi a wannan mataki daga yawan ruwa take. Ƙasa mai danƙo da cunkoson tsiro su ne ke jawo cutar da ke ruɓar da kara daidai bakin ƙasa, a wayi gari an ga tsiron ya kwanta kamar an yanke shi. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Sai dai a cire shi, a rage ruwa, a sassauta sauran domin iska ta ratsa.

Bayan mako uku zuwa huɗu, sa'ad da tsiron ya yi ganye huɗu ko biyar, dashe ya yi. A rage masa ruwa 'yan kwanaki kafin nan domin ya saba, a dasa da yamma tare da ƙasar da ke jikin saiwarsa. Ana iya binne karan har kusa da ganyen farko, domin tumatir yana fitar da sabuwar saiwa daga kara. Tsiro ɗaya a buhu ɗaya, a huda gindin buhun. A ƙasa kuwa a bar tazarar santimita 45 zuwa 60. Kada a dasa inda aka cire tattasai ko attaruhu ko gauta, domin dangi ne, cutukansu ɗaya.

Daga nan sai ban ruwa a gindi, ba bisa ganye ba, kuma a kan kari. Ƙishi yau, ambaliya gobe, shi ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ko fatarsa ta tsage. A kafa sanda a ɗaure karan, a ƙara taki idan fure ya fara. Mako-mako a duba ganye: tabo fari mai kama da taga alamar Sharon ce, sai a tsinke ganyen a ƙone, nannaɗewa da rawaya kuwa cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, kuma tsiron da ya kamu sai tugewa. Ruwan jiƙon 'ya'yan darbejiya yana rage ƙwari idan an fara feshi da wuri. Wanda ya yi amfani da maganin kanti ya kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.

Ana fara tsinka kimanin wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe. Wanda ya fara sauya launi zai ƙarasa nuna a inuwar ɗaki, nesa da bakin kaji da tsuntsaye.